Direba Ya Koma Layin Baya

Shekara ashirin da shida Direba ya yi yana busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan gari. Da shi aka kafa ta tun yana tuƙa bas mai lamba sha ɗaya, daga kasuwa zuwa asibiti ya dawo, har ya ajiye aiki sunan bai sake shi ba. Matarsa takan ce Allah bai halicce shi don zaman shiru ba: da rana ya danna hon, ran Asabar ya busa ƙaho, in ya kwanta kuma ya ɗora da minshari.

Ƙungiyar ba ta ƙwararru ba ce. Mutum arba'in ne da 'yan kai, kowa da sana'arsa, ran Asabar bayan abincin rana sai su haɗu a zauren taron wata makarantar sakandare, su ture bencina gefe, su jera kujerun roba. A gaba 'yan goge ke zama, daga ƙananan da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, zuwa waɗanda ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, har ƙaton nan da ya fi mai shi tsayi. Bayansu 'yan sarewa. Bayan 'yan sarewa sai 'yan ƙahon tagulla, su Direba ke nan. Can jikin bango kuwa, kusa da inda mai shara ke jingine tsintsiya da bokiti, nan 'yan duka suke da gangunansu da faifan tagulla da sauran tarkace. Wanda ke tsayawa gaban kowa tsohon malamin kiɗa ne na makarantar, siririn mutum mai kaɗa wani ɗan sanda da bai fi tsinken saƙa ba. Mai Sanda ake ce masa.

Babu layin da ya tsira daga bakin Direba. 'Yan goge a wurinsa kafintoci ne masu yanka katako da zarto. 'Yan sarewa tsuntsaye. 'Yan duka kuwa masu gadi yake kiransu, don a ganinsa zama kawai suke zuwa yi, sai can ba a rasa ba su ɗaga hannu su daki wani abu. Shugabansu Tela ne, wani gajere mai sanƙo da ke da shago a bayan gidan waya, ya kuwa sha baƙar magana ta shekara da shekaru.

"Tela, ka zo da filo yau?" Direba zai waiwayo ya tambaya. "Yi barcinka, in mun kusa wurinka zan tashe ka."

Tela murmushi kawai yake yi, ya ci gaba da ɗaure fatar gangarsa.

To, haƙoran gaba na Direba sun daɗe suna girgiɗi, yana ta ɗaga zuwa asibiti. Ranar da ya je, likitan haƙori ya cire huɗu na sama, bayan sati uku ya sa masa na roba, farare tas, waɗanda suka fi na asalin kyau nesa ba kusa ba. Ya ce masa ya ci abin da ya ga dama, ya yi dariya son ransa, amma busa ƙaho sai dai a yi haƙuri, don leɓe ba shi da abin jingina kamar da.

"Likita ya san haƙori," in ji Direba da ya dawo gida, "amma bai san ƙaho ba."

Ya kulle kansa a ɗaki ya gwada. Abin da ya fito ya fi kama da kukan ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Matarsa ta leƙo ta taga ta tambaya ko wani abu ne ya maƙale a ciki. Ya ce ƙahon ne ya yi sanyi.

Ran Asabar ya je da ƙarfinsa. Aka fara lafiya, yana lallaɓawa a ƙasa-ƙasa, har aka zo inda ƙaho na farko ke tashi shi kaɗai ya hau sama. Direba ya cika ƙirji, ya runtse ido, ya busa. Muryar da ake jira ba ta fito ba. Haƙoran ne suka fito. Suka sulluɓe ta gefen bakin ƙahon, suka daki allon da ake ɗora takardar kiɗa, suka gangara ƙarƙashin kujerar wata mai kantin magani da ke busa sarewa.

Mai Sanda ya tsaya da hannu a sama. Zauren ya yi tsit. Matar ta sunkuya, ta ɗauko su da hankici, ta miƙo baya ba tare da ta waiwayo ba, kafaɗunta na rawa. Kowa ya sa ido a takardarsa kamar yau ya fara ganinta. Ana cikin wannan shiru sai aka ji daga jikin bango, a hankali, sau ɗaya tak: dum.

Nan fa dariya ta ɓalle. Mai ƙaton goge har da riƙe ciki. Direba kansa ya dara, hannu a baki, ko da yake kunnuwansa sun yi zafi.

Da aka tashi Mai Sanda ya ja shi gefe. Ya ce Nas, wata ma'aikaciyar jinya wadda ta shekara shida tana zaune a damansa tana busa ƙaho na biyu, ita za ta riƙe na farko.

"Ba korarka nake yi ba, Direba. Ƙungiyar nan da kai aka kafa ta. Tela na neman ƙarin hannu a baya."

"Ni? Wurin masu gadi?"

"Wurin 'yan duka."

"Malam, gara ka ce in riƙa share zauren."

Ya sa ƙahonsa a akwati, ya tafi gida, ya ce shi da ƙungiya har abada. Asabar biyu ya yi a gida. A ta farko ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau don ya gyara, ya mayar, ya rage ƙusoshi uku a hannu. A ta biyu ya shiga kicin ya sake wa kwanuka wurin zama, sannan ya fito tsakar gida yana koya wa matarsa yadda ake shanya, ita da ta shekara talatin da biyar tana shanya masa riguna.

Ta ajiye bokitin ta dube shi.

"Maigida, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Don Allah ka tafi ka daki ko ma mene ne suka ba ka, tun kafin ka fara dukan tukwanena."

"Kin san abin da na riƙa gaya wa mutumin nan shekara ashirin?"

"Na sani mana. Baki shi ke yanka wuya. Je ka karɓi rabonka, ba a mutuwa."

Asabar ta uku ya shiga zauren a makare, don kada a daɗe ana kallonsa. Ya bi ta jikin bango, ya wuce tsohuwar kujerarsa bai dube ta ba. Tela ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe masa kujera da hankici, har da ɗan rusunawa.

"Maraba da sabon maigadi. Da rana kake so ko da dare?"

"Tela, ka yi a hankali."

"A hankali nake yi. Shekara ashirin nake tari, ai ba zan kashe shi rana ɗaya ba."

Direba ya sa rai ko babbar ganga za a ba shi, ko faifan tagullar nan biyu da in an gwara su har fitilun rufi ke amsawa. Tela ya buɗe wata jakar yadi da ya ɗinka da kansa, ya zaro wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe mai kusurwa uku, rataye da zare, da ɗan sandan bugunsa da bai wuce doguwar ƙusa ba.

"Wannan fa?"

"Kayan aikinka."

Takardar da aka ba shi ma kusan fara ce fat. Kiɗan da suke shiryawa don wasan ƙarshen shekara ya kai minti ashirin, amma rabon Direba a ciki bugu uku ne. Sauran duk lambobi ne na gaɓoɓin kiɗan da zai ƙirga yana jira: gaɓa tamanin da bakwai shiru, bugu ɗaya, gaɓa ɗari da sha huɗu shiru, bugu ɗaya, sittin, sannan na ƙarshe.

"Wannan ai ko jikanyata za ta iya."

"To Allah ya sa ka kamo ƙafar jikanyar taka," in ji Tela.

Aka fara. Direba ya shiga ƙirga a zuci, ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, yana kallon rufi irin na wanda aka raina wa hankali. Wajen gaɓa ta talatin 'yan ƙaho suka shigo, yatsunsa suka kama danna iska da kansu, suna bin abin da suka saba. Ko da ya farga, bai san ko yana arba'in da biyu ba ne ko hamsin da biyu. Ya yi shahada ya zaɓi ɗaya. Ting!

Mai Sanda ya ƙwanƙwasa allonsa. Mutum arba'in suka tsaya, suka waiwayo gaba ɗaya.

"Direba, saura gaɓa goma."

Aka sake. Wannan karon ya makara da uku. Aka sake, ya buga daidai, amma da ƙarfin da ya sa ɗan ƙarfen ya yi ta juyi a zarensa kamar fanka. Wani daga cikin 'yan goge ya ce, yadda kowa zai ji, su dai kafintoci ba su taɓa tsayar da aiki sau uku saboda ƙusa ɗaya ba.

Tela ya matso ya raɗa masa, "Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara."

Zaman baya ya nuna masa abubuwan da bai taɓa gani ba. Ya ga ƙeyar kowa. Ya ga wanda ke duba waya a bayan takarda. Ya ga yadda 'yan ƙaho, da zarar sun sami sarari, suke buɗe wani ɗan marfi su zazzage ruwan da ya taru a ƙahon nan ƙasa, dab da takalman 'yan duka.

"Kai! Haka muke yi?"

"Kai ka fi kowa," in ji Tela. "Don kai na daina sa takalmi buɗaɗɗe."

Ya kuma ji abin da bai taɓa ji ba. Da can kunnensa na kan ƙahonsa ne kawai, sauran duk rakiya suke masa. Yanzu da ba shi da abin yi sai saurare, ya ji yadda ƙananan goge ke ɗauko waƙar su miƙa wa sarewa, sarewa ta juya ta ta sauke wa manyan goge, gangar Tela kuma na can ƙasa tana riƙe da kowa ba tare da an lura da ita ba. Bai gaya wa kowa ba, don kada Tela ya ji.

Ran Laraba ya wuce ta bayan gidan waya, wai wandonsa ne ke son a rage masa tsayi. Tela ya karɓi wandon, ya auna, ya ga babu abin ragewa, ya rataye shi, ya nuna masa benci. Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

"Yaya kake yi ba ka ɓata?" Direba ya tambaya daga ƙarshe, yana kallon titi.

"Wa ya ce ba na ɓata? Kai a ƙaho in ka kauce, akwai mutum uku da za su rufa maka asiri. Ni in na gwara faifai inda bai dace ba, har mai shara sai ya sani. Tsoro ne ya koya min." Ya ciji zare. "Da kana tuƙi, ƙirga sandunan wuta kake yi daga kasuwa zuwa asibiti?"

"Wane irin sandunan wuta? Tasha-tasha nake bi."

"To nan ma tashoshi ne. In babban goge ya gangara ƙasa, ka san kana hamsin. In sarewa ta shigo ita kaɗai, saura takwas. Ka ƙirga, amma ka riƙa duba hanya."

Direba ya karɓi fensirin da ke maƙale a kunnen Tela, ya zaro takardarsa daga aljihu, ashe da ita ya zo. Suka zauna har rana ta yi sanyi suna rubuta tashoshi. Wandon ma a shagon ya manta shi.

A gida kuwa matarsa ta shiga uku da ƙirga. Ya sa aka ɗaukar masa kiɗan a waya, ya zauna a falo da ɗan ƙarfensa a rataye, leɓe na motsi. In ta yi masa magana sai ya ɗaga mata hannu. Rannan ta gaji, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Arba'in da tara, sha bakwai, talatin da uku," har ya rikice ya jefar da sandan.

"Haba, Maman yara! Ina sittin da biyu!"

"Abinci ya huce tun kana ashirin."

Abu ɗaya ne ya ƙi gyaruwa. Duk lokacin da aka zo inda ƙaho na farko ke tashi shi kaɗai, Nas ta ɗaga ƙahonta, sai tari ya kama Direba. Kujerarsa kuwa a bayanta take daidai. Yarinyar ta fara tsarguwa, muryar ƙahon na rawa. Tela ya ce masa in maƙogwaro ne ke damunsa, ga mai kantin magani nan a layin sarewa. In kuma kishi ne, wannan sai dai addu'a. Direba ya ce ƙurar tsintsiya ce. Amma tarin ya tsaya.

Sati biyu kafin wasan, Nas ta same shi ana naɗe kaya. Daga wurin aiki ta zo, ko farin takalminta ba ta canza ba.

"Baba, wurin nan da ake hawa sama, numfashina ba ya kai ni. A ina kake shaƙa?"

Direba ya gyara tsayuwa, ya duba ko Tela na ji. Ya nuna mata a takarda: ba inda kowa ke zato ba, gaɓa biyu kafin nan, a saci numfashi kaɗan lokacin da goge suka rufe. Ya yi mata bayani sau uku, ko da yake ta gane tun a na farko.

Ranar wasa Lahadi ce da yamma. Aka cika zauren har wasu na tsaye a bakin taga. Matarsa na layi na biyu ita da babbar 'yarsu, ta sha ado kamar shi ne zai riƙe sandan. Direba na jikin bango cikin farar riga. Shekara ashirin da shida yana tashi gaban jama'a da ƙaho bai taɓa jin gabansa ya faɗi haka ba.

Babban goge ya gangara, hamsin. Sarewa ta shigo, saura takwas. Ya ɗaga ƙarfen daidai fuskarsa, ya dubi Mai Sanda. Ting. Daidai wa daida. Tela ya gyaɗa kai ba tare da ya dube shi ba. Na biyun ma ya zauna a wurinsa, a hankali, kamar an ɗiga ruwa a kofi.

Saura na uku, shi kuwa yana zuwa ne jim kaɗan bayan ƙaho na farko ya gama. Nas ta ɗaga ƙahonta. Direba na ƙirga, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Ya ga kafaɗarta ta ɗaga a daidai inda ya nuna mata. Ta hau. Muryar nan ta sama da shi kullum fizgarta yake yi da ƙarfin tsiya ya sake ta tun ba ta kuɓuce masa ba, ita sai ta isa gare ta a hankali, ta zauna a kai, ta riƙe ta, ta riƙe ta, sannan ta sauko da ita kamar mai sauke jariri a shimfiɗa. Bai taɓa sanin haka wurin yake ba. Idonsa ya ciko. Lambobin duk suka watse.

Mai Sanda ya nuno shi da tsinken. Babu abin da ya fito. Tela na riƙe da faifai a hannu biyu, ba halin zunguri, sai ya kai masa shuri a idon sawu. Direba ya zabura, hannunsa ya tafi da kansa, a daidai inda mutum arba'in suka ɗauke gaba ɗaya na gaɓa guda.

Ting!

Ƙarar ta tafi ita kaɗai har ƙarshen zauren ta dawo. Daga layi na biyu aka ji tafi, na matarsa ita kaɗai, sau uku, kafin 'yarta ta kama mata hannu. Mai Sanda ya lumshe ido, ya buɗe, ya kaɗa sandansa, aka ƙarasa.

Bayan an tashi shugabar makarantar ta zo gaisawa da makaɗa. Ta wuce 'yan goge, ta wuce 'yan sarewa, ta zo har jikin bango. Ta ce ita duk a cikin kiɗan babu abin da ya taɓa mata zuciya kamar 'yar ƙararrawar nan da ta yi magana ita kaɗai bayan kowa ya yi shiru.

"Ai wurin yana da wuya," in ji Direba. "Sai an daɗe ana yi."

"Ƙwarai," in ji Tela. "Ko wanda ya rubuta kiɗan bai san da shi ba."

Mai Sanda ya yi kamar yana neman wani abu a jakarsa.

Direba ya ɗingisa ya sami Nas tana goge ƙahonta. Ya tsaya yana juya ɗan ƙarfensa a hannu. Ya ce ba laifi. Ya ce wurin saukowar nan ma ba laifi. Sannan ya ce ƙahonta marfinsa na biyu na maƙalewa, yana ji tun daga baya, ga nasa can a gida yana zaune a akwati, gara ta zo ta ɗauka.

"Baba, ba zan iya karɓa ba."

"Aro ne, ba kyauta ba. Kuma ki riƙa sa masa mai."

A hanyar gida 'yarsu ta yi gaba don ta tare musu mota, su biyu suna tafe a baya. Matarsa ta karɓi jakar yadin ta riƙe masa.

"Sau uku na ji ka," ta ce. "Wanne ne kuskuren?"

"Wa ya ce akwai kuskure?"

"To me ya sami ƙafarka?"

"Kujera na buge."

"Kujerar mai sanƙo?"

Suka tsallaka titi, Direba na riƙe da gwiwar hannunta, yana hararar wani direban bas da ya danna musu hon ba gaira ba dalili.